Numfashin Masu Soso

Attaya, tsibirin Ƙarƙana
6 ga Janairu, 1986

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Sajan-manja Sasi ɗan Ammar mai ritaya, wanda ya shekara ashirin da biyu a ƙofar jirgi mai saukar ungulu yana tsamo mutane daga teku, wanda manyan hafsoshi ke gyara hula in sun ji tarinsa, zuwa ga ɗan ƙanwarsa Munzir ɗan marigayi Tahar, kurtun sojan sama, wanda jiya-jiya ake share masa majina.

Gaisuwa da fatan alheri. Idan ka tambaye mu, muna lafiya, sai godiya. Uwarka Mabruka tana nan ƙalau, ban da gwiwar nan tata da ke sanar da ita zuwan ruwa kafin rediyo ya sanar. Ƙarnit, dabbar tekun nan mai ƙafa takwas, ya yi albarka bana, duk igiyar shanya ta cika da ƙafafunsa. Hannuna na dama yana nan da rawarsa, shi ya sa na zaunar da Ayyadi ɗan ƙanwata Zuhra yana rubuta mini. Yaro ne mai hankali, mai kyan rubutu, ya kuma fi ka kyan fuska, wannan duk Attaya ta shaida.

Hotonka ya iso, uwarka ta jingina shi a kan rediyo. Tun ranar gishiri ya ƙare a kowane gida mai budurwa. Kowacce sai ta shigo aro, ta tsaya tana gyara ɗankwali a gaban rediyo. Ni da na duba, hular ƙarfen ta fi kanka girma, kamar an kifa wa ɗan akuya tukunyar kuskus.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na ji ka gaya wa uwarka wata mai zuwa za a sa ku a keji. Ta ɗauka ɗaure ka za a yi, ta wuni tana tambaya me ka sata. Ni na san kejin nan tun ba a haife ka ba. Gangar jikin tsohon jirgi ce, a ɗaure ku a kujeru, a ɗaga ku sama, a sake ku cikin teku, a kife ku ƙafa sama kai ƙasa, a ga wanda zai tuna sunan uwarsa. Na zamaninmu ba irin naku ba ne na 'yan gata. Mu da ƙanƙara a ruwan aka jefa mu, kifaye masu haƙora suna leƙo mu ta taga, ni kuwa ina zaune ina tunanin abin da za a dafa da rana.

Ka buɗe kunne. Duk wanda ya fara fitowa daga keji shi ne matsoracin shekara, har ya yi ritaya ana nuna shi da baki. 'Yan tudu da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na buta ba, su ya kamata su yi rige-rigen taga. Kai ɗan mai soso ne. Ka tuna yadda ubanka ke zama a bakin kwalekwale kafin ya rungumi dutse ya nutsa ɗebo soso: ya ja numfashi ya fesar, ya ja ya fesar, da sauri da ƙarfi, sau talatin, sau arba'in, har yatsunsa su sage. Haka na yi a keji. Kowa ya fita, ni na harɗe hannu na zauna. Minti uku cur. Da na fito kwamanda da kansa ya riƙe mini tawul yana cewa, "Si Sasi, ashe a tsibirinku da kifi kuke aure?"

Saboda haka kada ka ja mana abin faɗa. Ka zama na ƙarshen fita. In ba za ka kai ukuna ba, ka kusanta. In kuwa na ji ka riga wani ɗan tudu leƙo da kai, to ka aiko da hular nan a ba Ayyadi, kansa ya fi cika ta.

Amsa ka sa ta da sunana, Ayyadi ne ke karɓo mini wasiƙu yana karanta mini. Kada ka ambaci wannan a takardar uwarka, zancen maza ne.

Kawunka,
Sajan-manja Sasi

*

Sansanin horo, arewa
15 ga Janairu

Zuwa ga Kawuna Si Sasi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Gaisuwa ta girmamawa. Ina lafiya, sai mura da ta kama mu duka. A gaishe da Umma, a ce ta riƙa shafa man zaitun mai ɗumi a gwiwar. A gaishe da Inna Zuhra.

Kawu, da aka miƙo mini takardar na ga sunanka a baya, sai da na nemi wuri na zauna. Ranar da na tafi kowa ya rako ni bakin jirgin fito, kai ka tsaya can wajen taru ka ba ni baya. Wata bakwai ke nan ina ɗauka ka yafe ni saboda na shiga aikin da ka hana ni. Ban taɓa jin ka jera kalma biyar a kan soja ba. Ban ma san kana da ban dariya haka ba. Na karanta ta har ta fara yagewa a ninki.

Makon jiya aka kai mu teku. Da farko aka ɗaura mana lema aka ja mu a bayan jirgin ruwa, fuska cikin kumfa, ko ka kwance kanka ko ka ƙoshi da gishiri. Sannan mu takwas aka zuba a kwalekwalen roba, aka tafi aka bar mu kwana biyu da ɗan ruwan gwangwani da biskit mai kama da katako. Ni ɗan teku ne, amma roba ba ta tafiya kamar itace, motsi take a ƙarƙashinka kamar cikin dabba. Bakwai suka yi amai. Na takwas ɗin ma, in faɗi gaskiya, ya yi. Abin da ya ba ni tsoro sanyi ne. A wuni na biyu na so in ɗaure igiyar rumfa, ƙullin da nake yi ido rufe tun ina shekara shida, yatsuna suka ƙi. Ina kallonsu kamar na wani. Akwai wani Lazhar, ɗan hamada daga kudu, bai taɓa ganin teku ba sai bana. Ya riƙe rigata wuni biyu yana cewa, "Ɗan kifi, in na mutu ka ce wa babana raƙumi ne ya taka ni, kada a ji kunya."

Kejin yana bakin tashar ruwa ta sansani, rataye a ƙugiyar ɗaga kaya. Kullum ta gabansa muke bi in za mu cin abinci, ruwa na ɗiga daga tagoginsa. Kujeru shida ne. Ruwan wurin kore ne, da ƙyar kake ganin tafin hannunka. Mutum biyu masu tulun iska a baya suna jira a ƙarƙashi. Wanda ya rikice ya ɗora hannu biyu a ka, su fizgo shi. Wanda ke fafutuka ma suna ganinsa. Ranarmu ashirin da biyar ga Fabrairu.

Na fara gwaji a tafkin iyo na sansani, yadda ka ce, yadda Baba ke yi. Malaminmu Saje Mizuni ya kama ni. Ya ce, "Kai, ɗan kifi, wuta kake hurawa?" Na ce, "Haka muke yi a gida, Saje." Ya ce, "Nan gidan uwarka ne? Numfashi ɗaya mai kyau, shi ke nan. Keji ya tsaya, hannu a taga, kwance bel, fita. In na sake ganin zugar nan, sai ka wanke tashar nan da buroshin haƙori." Na ce to. Amma Kawu, mutumin kan dutse ne, a soja ya koyi iyo, da littafi. Me zai gaya wa ɗan Tahar a kan riƙe numfashi? Yanzu ranar Juma'a da yamma nake yi, in ya shiga gari. Na kai minti biyu da daƙiƙa goma.

Ba zan ba ka kunya ba.

Ka ce wa Ayyadi na ga inda ya cusa yabon kansa. Wanda ya gudu daga makarantar allo a izu na goma, yana yawo da warin ƙarnit, shi ne mai kyan fuska? In na zo sai na jiƙa shi a tashar jirgi.

Ɗanka,
Munzir

*

Attaya
24 ga Janairu

Daga Sajan-manja Sasi zuwa ga Munzir.

Gaisuwa. Muna lafiya. Uwarka ta shafa man, ta ce gwiwa ta gode. Iska ta juya arewa, kwalekwale uku kaɗai suka fita jiya.

Takardarka ta zo. Ka saurara da kyau, wannan umarni ne. Na fi sajenka girma, amma a wannan magana shi za ka bi. Zancen minti uku na janye shi. Tsufa ne, mutum yakan ƙara gishiri. Ka daina zugar numfashin nan, a tafki da ko'ina. Ɗaya ya ce, ka ja ɗaya. Keji na tsayawa ka fita, ko da kai ne na farko, ko da ɗan hamadan nan zai yi maka gwalo.

Akwai wani kabari a maƙabartarmu, jikin katangar gabas, kusa da dabinon da tsawa ta faɗa wa. Ka sha wucewa ta wurin. Farjani ɗan Hamda sunansa. Shi ma sojan sama ne, shi ma ɗan masu soso ne. Ya fi ka ruwa nesa ba kusa ba, an ce tun yana ɗan sha huɗu yake nutsawa inda manya ke tsoro. Ya shiga kejin nan bai fito da ƙafarsa ba. A akwati aka sauko da shi daga jirgin fito. Kai ba ka kai shi ba, saboda haka kada ka gwada.

Ba na iya dogon bayani yau, ƙirjina ba daɗi. Kada ka tambaye ni yadda aka yi. Ka dai bi abin da na ce.

Hular ta yi maka kyau, wasa nake yi. Ayyadi ba ya so.

Ka amsa da wuri. Ka rubuta mini cewa ka daina, ka rantse a ciki.

Kawunka Sasi

*

Sansanin horo
6 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Si Sasi.

Gaisuwa da fatan ƙirjin ya yi sauƙi. Ka rage fita bakin ruwa da sassafe. Ni lafiya, murar ta tafi. A gaishe da Umma.

Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a hanya, shekaranjiya ta same ni. Na karanta, na ajiye, ban ci abincin rana ba.

Na gane abin da ya faru. Ayyadi bakinsa ba ya riƙe magana. Ya kai wa Umma labari, ta zo ta yi maka kuka, ka ce bari in ja yaron baya. Wannan ban ga laifinka ba. Amma akwai layi ɗaya da ba na Umma ba ne: "Kai ba ka kai shi ba." Wannan naka ne. Shi ne abin da bayanka ya gaya mini a bakin jirgin fito. A takarda ta farko ka ɗauke ni namiji, ka yi mini wasa kamar abokinka. A ta biyu ka tuna yaron da kake tare wa ciki da hannu yana koyon iyo.

Allah ya jiƙan Farjani. Na san kabarin, ban san soja ba ne. Amma ba ka faɗi abin da ya kashe shi ba. Kai da kanka ka ce kejin zamaninku ba irin namu ba ne. Wataƙila bel ya cije, wataƙila taga ta ƙi buɗewa. Namu ana duba shi kowace safiya. Kai ka yi uku da numfashin nan dai, ka fito kana tunanin abincin rana. To ba numfashin ne mai laifi ba.

Rantsuwar da ka nema ba zan yi ba, don ba na so in yi maka ƙarya. Ga inda na kai. Juma'ar da ta wuce Lazhar ya riƙe mini agogo. Na ja numfashi sau arba'in da biyar. Kawu, ban taɓa jin daɗin ruwa irin na ranar ba. Ƙirji bai yi zafi ba ko kaɗan, babu abin da ke ce mini tashi, hasken tafkin ya yi laushi, na ji kamar kwanciyar bayan azahar a inuwar kwalekwale. Sai kawai na gan ni a bakin tafki, Lazhar yana jijjiga ni yana zagi. Wai na saki ƙarfen tsani na kwanta a ƙasa, wai da gashi ya jawo ni. Na ce, "Nawa?" Ya ce, "Uwarka nawa! Leɓenka ya yi shuɗi!" Na ƙwace agogon: biyu da hamsin. Ɗan hamada ne, ko kaza ya ga ta jiƙe sai ya kira liman. Na sa ya rantse ba zai gaya wa Saje ba.

Saura daƙiƙa goma.

An matso da ranarmu saboda za a kai ƙugiyar gyara: Talata, sha takwas ga wata, da safe. Na riga na yi magana da masu tulun iskan nan biyu. Ɗaya ɗan gaɓa ne kamar mu, kakansa ma mai soso ne. Na ce in sun ga na zauna shiru kada su taɓa ni, sai in na ɗora hannu a ka. Ya yi dariya, ya ce ya daɗe yana son ganin wanda zai rufe wa Mizuni baki.

Takarda ta gaba za ka ga lamba a ciki. Sannan ka gaya mini ko na kai shi.

Ɗanka,
Munzir

*

Attaya
Lahadi, 16 ga Fabrairu

Munzir.

Ina lafiya, uwarka lafiya. Babu lokacin doguwar gaisuwa.

Ni da Farjani a jirgi ɗaya muka bar tsibirin nan, shekara ashirin da huɗu ke nan. Ranar keji yana kujerar da ke kallon tawa. Tun muna kan tudu ya fara zugar numfashi, ni nake ƙirga masa kamar yadda ake yi a kwalekwale. Arba'in. Aka sake mu. Ruwa ya shigo ta ƙafa, ya hau gwiwa, ya hau ƙirji, keji ya juya. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Duk abin da aka koya mana ya gudu daga kaina. Na yi ta jan bel ta inda ba ya buɗewa, na haɗiyi ruwa, mai tulu ya fizgo ni ta ƙeya. Ni na fara fitowa, ina amai, ina kuka. Ban kai daƙiƙa ashirin ba.

Mu biyar muka fito. Sajenmu ya duba agogo, ya ɗaga hannu zai sa a ja keji sama. Ni na riƙe masa hannu. Ina tari ina dariya na ce, "Bar shi, Saje, ɗan garinmu ne, wasa yake muku. Yanzu za ka ga abin mamaki." So nake a manta da amaina a kalli abin da tsibirinmu ya iya. Mai tulu ya leƙo ya ce yana zaune lafiya, hannu a harɗe, ido a buɗe. Muka tsaya muna ƙirgawa da ƙarfi, mu duka, kamar a wajen biki. Mun wuce ɗari biyu kafin mai tulu ya koma ya taɓa shi. Kansa ya langaɓe.

Bel bai cije ba. Taga a buɗe take.

Zugar nan ba ta ƙara maka iska. Abin da ke cikin ƙirji mai ce maka tashi, shi take kashewa. Sai ka ji daɗi, sai ka yi barci. Ba ka fafutuka, ba ka ɗora hannu a ka. Daɗin da ka ji a tafki, shi ne wannan. Shekara huɗu na riƙe wa ubanka igiya kafin in shiga soja. Sau biyar na ji ta yi wani irin nauyi, na jawo shi a sume, muka mare shi, ya farka yana tambayar ina soson. Bai gaya maka ba, ba a gaya wa 'ya'ya. Mai soso yana zugar ne saboda akwai igiya a wuyan hannunsa, akwai ɗan'uwa a sama yana jin ta da yatsa. A keji babu igiya. Bel ne, shi kuma riƙe ka yake yi.

Na ba ka baya a bakin jirgin fito saboda ta nan na sauko da akwatin Farjani, kuma uwarka ta tsaya daidai inda uwarsa ta tsaya. Ba raini ba ne.

Ka je wurin masu tulun nan ka janye maganarka. Ka gaya wa sajenka abin da ya faru a tafki, ko da zai hukunta ka.

Wannan ce takarda ta farko da na taɓa aiko maka. Sauran bayani mai rubutu zai yi da kansa, na bar masa bayan takardar. Ga sa hannuna, ka san yadda yake rawa.

Sasi

Yaya Munzir,

Ayyadi ne. Kawu ya tashi ya fita bakin ruwa, ya ce in na gama in liƙe, ba ya son ya ji.

Takardu biyun nan, ni ne. Sajan-manjan da hafsoshi ke gyara wa hula, ni ne, a kan kifaffen kwandon kifi a bayan gidan waya, ina rubutu ina dariya har mai sayar da kan sarki ya leƙo. Hotonka ne ya ba ni haushi. Salha 'yar mai burodi sau uku ta zo aron gishiri, ni kuwa shekara biyu ina kai musu kifi, har yau "kai yaro" take ce mini. Na ce bari in sa shi ya sha ruwan gishiri ya fito yana tari, in ya zo hutu in karanta amsarsa a shagon shayi a yi dariya. Iyakar nufina ke nan, wallahi. Minti ukun ma ba ni na ƙirƙira ba. Na taɓa jin tsofaffi suna cewa wani ɗan tsibirin nan ya haura minti uku a keji, ban tsaya jin ƙarshe ba, na ɗauka Kawu ne.

Da amsarka ta farko ta zo na tafi shagon shayi ina cika baki, na ce Munzir zai karya ukun Kawu. Si Ajmi mai ɗinkin taru ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Wa ya ce maka Sasi ne?" Na ce, "To wane ne?" Ya ce, "Ƙanena. Tashi ka je jikin katangar gabas ka gaishe shi, mara kunya." Shi ne na rubuta ta biyu. Da a lokacin na faɗa maka gaskiya, da an gama. Tsoron duka ya hana ni. Na sake aron sunan Kawu, na kuma ɓata abin da hannuna. Ni na rubuta ba ka kai shi ba, na ɗauka zai tsorata ka. Na manta kai ne ka taɓa cinye barkono goma sha biyu don kawai na ce ba za ka iya ba.

Iska ta tsare jirgin fito, takardarka sai jiya ta iso. Na karanta a tsaye. Da na zo wurin da Lazhar ya jawo ka da gashi, sai na kwasa da gudu. Na sami Kawu a tsakar gida, na durƙusa na faɗa masa komai, na karanta masa naka biyun, na miƙa masa igiyar da zai dake ni da ita. Bai karɓa ba. Sai ya ce, "Kai ma dariya kake yi lokacin?" Na ce e. Ya ce, "Nemo takarda." Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Mun je gidan waya kafin a rufe, aka haɗa mu da ƙofar sansaninku. Aka ce ba a kiran kurtu sai in rasuwa aka yi. Kawu ya bar wa sajenka saƙo, mutumin ya ce zai rubuta, muna jin yana tauna wani abu. Saboda haka ba zan sa wannan a akwatin wasiƙu ba. In jirgin fito ya tashi yau, don iskar ba ta gama kwanciya ba, zan bi motar kifi daga Safakis, inda jirgin ke tsayawa, zuwa babban birni, daga can in nemi ta arewa. Ban taɓa wuce Safakis ba. Ina ta karanta addu'ar Annabi Yunusa, ita ce dai na riƙe da kyau daga makarantar da na gudu.

In kana karanta wannan, to ina bakin ƙofarku, mai gadi ne ya hana ni shiga. Fito ka karya mini hanci a gabansa, ni zan riƙe maka riga. Amma wanda ka yi wa alkawarin minti uku babu shi a duniya, Yaya. Ba Kawu ba ne, ba soja ba ne, bai taɓa ganin keji ba. Ko iyo bai iya sosai ba, in ruwa ya kai masa wuya uwarsa yake kira. Kada ka mutu don ka burge shi.

Ni na rubuta,
Ayyadi ɗan Zuhra